Takarda ta ce 84, Malam ya ce lafiyarsa ƙalau

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada, Zariya, ta rubuto:

"Anti, assalamu alaikum. Maigidana tela ne a Sabon Gari, shekararsa 53, shekara 9 ke nan yana fama da ciwon suga. Watan jiya likita ya tura shi gwajin fitsari, takarda ta fito an rubuta ACR 84 mg/g. Likita ya ce alama ce ƙoda ta fara taɓuwa, mu dawo a maimaita. Da muka koma gida sai Malam ya je wani kemis aka tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarinsa, aka ce babu komai. Tun ranar ya ce ba zai koma asibiti ba, wai neman kuɗi ne kawai. Yayansa a wankin ƙoda ya rasu shekara 3 da suka wuce, sai da aka sayar da gona. Yanzu ya koma shan jiƙe-jiƙe. Ɗanmu kuma ya turo mini bayani a WhatsApp cewa a Turai akwai sababbin gwaje-gwajen fitsari da ke hango ciwon ƙoda tun bai zo ba. Wa zan gaskata, likita ko mai kemis? Mu ma hanyar wankin ƙodar muka kama ke nan? Wallahi ba na barci."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Malam lafiya, ya jiƙan yayansa, ke kuma ya saka miki da alheri.

Abin da ya hana ki barci zan fara taɓawa. Lambar nan 84 ba takardar shiga ɗakin wankin ƙoda ba ce. Tsakaninta da injin nan tafiyar shekaru ce, kuma da yawa daga waɗanda aka gano a wannan mataki ba sa ƙarasawa can har abada. Wasu ma lambar takan koma ƙasa idan aka riƙe suga da hawan jini da kyau. Amma fa ba lambar da za a linke a cusa ƙarƙashin katifa ba ce.

Kin san tankaɗe. Kin dawo daga niƙa, kin zauna da rariya: gari ya zuba ƙasa, tsaki ya tsaya a sama. To haka ƙoda take, sai dai kowace ɗaya tana da 'yan ƙananan rariyoyi kusan miliyan guda, waɗanda ido ba ya gani. A kwana ɗaya suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, jarka 9 ke nan irin mai lita 20 ta 'yan ga-ruwa. Jiki ya sake tsotse kusan dukkansa, ya bar lita ɗaya zuwa biyu ta fita da dattin, shi ne fitsari. A cikin jini akwai wani furotin da hanta ke yi, sunansa albumin. Shi ne tsakin. Jiki yana bukatarsa, bai kamata ya ratsa rariya ba. Idan suga ya daɗe yana hawa shekara da shekaru, musamman in hawan jini ya haɗu da shi, sai ragar ta fara saki, tsaki ya fara zurarewa kaɗan-kaɗan cikin fitsari. Ba ciwo, ba kumburi, ba kasala. Mutum yana kan kekensa yana ɗinki, yana cin tuwonsa lafiya lau. Saboda haka da Malam ya ce yana jin kansa garau, ba ƙarya ya yi ba. Ƙoda ce ba ta iya kuka da wuri ba.

Gwajin ACR da aka yi masa yana auna yawan wannan tsakin ne, wato albumin, a cikin fitsari. Ƙasa da 30, lafiya. Daga 30 zuwa 300, yoyo ya fara amma ƙarami ne. Sama da 300, ya yi yawa. Malam yana zangon tsakiya, kuma kusa da bakinsa na ƙasa. (Masu karatu da za su je su zaro tasu takardar, ku duba abin da aka rubuta a gaban lambar. Wasu wuraren gwaji da mg/mmol suke rubutawa, a nan iyakokin 3 da 30 ne, kada a gauraya.) Harafin C ɗin da ke cikin ACR kuwa na kiriyatinin ne, wani datti da tsokar jiki ke fitarwa kusan daidai wa daida kullum. Ana auna shi tare da albumin saboda fitsari ba ya zama iri ɗaya: a zafin Afrilu na Zariya yakan yi kauri ya yi ja kamar shayi, ranar da aka sha ruwa da yawa kuma ya tsinke ya yi fari. Kamar kunu ne, ko kin ƙara masa ruwa, yawan tsamiya a kan gero bai canja ba. Da wannan dabarar ake gane gaskiyar yoyon ko da fitsarin ya yi kauri ko ya tsinke.

Yanzu ga shari'ar likita da mai kemis. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sikelinsu ne ba ɗaya ba. Ɗauki ɗan kunnenki na gwal ki ɗora a sikelin 'yan gwangwan, allura ba za ta motsa ba. Ki kai shi wurin mai sayar da gwal, nan take zai gaya miki nauyinsa. Tsinken nan da ake tsomawa a kwatanta launinsa da jikin kwalba yana da amfaninsa, amma sai furotin ya yi yawa yake canja launi. Ɗan ƙaramin yoyo irin na Malam yakan wuce shi salin-alin. Haka ma maganar kumfa da mutane ke jira su gani. Kafin fitsari ya riƙa kumfa kamar an zuba omo, rariya ta daɗe da yagewa. Balle a gidajenmu da yawa masai ne, wa ma zai ga kumfar?

Ga kuma abin da nake so ki riƙe da kyau, don shi ne igiyar da za ki ja Malam da ita: likitan bai yanke hukunci ba tukuna. Da gwaji ɗaya ba a cewa mutum yana da ciwon ƙoda. Ƙa'ida ita ce a yi sau 3 cikin wata 3 zuwa 6, in biyu sun nuna yoyo, sannan a tabbatar. Dalili, abubuwa da yawa suna ɗaga lambar na ɗan lokaci su sake ta: zazzaɓi, cutar mafitsara, aikin ƙarfi a ranar da ta gabata, suga ko jini da ya yi mummunan hawa a satin, ga mata kuma jinin al'ada. A ƙasarmu har da tsargiya, ga wanda ke noman fadama ko shiga ruwa irin su Kubanni da Galma, domin jini a fitsari yana ɓata lissafin. Ki tuna baya, satin da aka yi gwajin Malam ya yi masassara? In ya yi, a gaya wa likita. Shi da kansa in aka kawo masa shadda mai tsada, sau nawa yake ɗora tef kafin ya sa almakashi? To likitan ma tef yake so ya sake ɗorawa.

Ranar maimaitawa, a karɓo kwalbar tun jajibere, 'yar ƙaramar nan mai murfi da suke bayarwa. Ba kwalbar lemo ba, ba robar magani da aka ɗauraye ba. Fitsarin farko na asuba ya fi, wanda zai yi kafin alwala. Ya bar ɗigon farko ya zuba, ya tari na tsakiya, ya rufe gam. Ki rubuta sunansa da kwanan wata a jiki, ki sa a leda, a kai da safen nan, kada ta wuni a aljihu ko a ƙarƙashin kujerar mashin. Kuma kada a je a dawo ba a ɗebi jini ba. Daga kiriyatinin na jini ake lissafa wata lamba da za ki ga an rubuta eGFR, wadda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda: 90 zuwa sama daidai ne, ƙasa da 60 har tsawon wata 3 ciwon ƙoda ne, ƙasa da 15 ƙoda ta gaza. Dole a haɗa biyun, domin akwai masu suga da ƙarfin ƙodarsu ke raguwa alhali fitsarinsu bai nuna albumin ba. Mai irin ciwon Malam, wanda ke kama manya, tun ranar da aka gano sugan ya kamata a fara masa waɗannan gwaje-gwaje, sannan duk shekara. In wannan ne karo na farko cikin shekara 9, to an makara, amma ba a makare ba.

Sai bayanin da ɗanku ya turo. Allah ya yi masa albarka, yaron yana tunanin ubansa, kuma abin da ya gani ba tatsuniya ba ce. Albumin yana ba da labarin rariya ne. Bayan rariyar kuwa akwai 'yan siraran bututu da ke mayar da ruwa cikin jiki, su ma suga yana cin su, kuma in sun ji jiki suna zubar da wasu sinadarai cikin fitsari, irin su NGAL da KIM-1. Masu bincike sun daɗe suna bin sawunsu da fatan a riƙa gane matsala tun kafin albumin ya bayyana. Akwai ma wani gwaji mai suna CKD273 da ke duba gutsattsarin furotin iri 273 a fitsari lokaci guda. An jarraba shi a Turai kan masu suga 1775 waɗanda fitsarinsu bai fara nuna albumin ba, sakamakon ya fito a 2020. Ya yi ƙoƙari wajen hasashe, domin waɗanda ya nuna da yatsa sun fi sauran fara yoyo nesa ba kusa ba. Amma maganin da aka ba wasunsu don a tare abin bai tare ba. Wato an iya hango hadarin, ba a sami laimar ba. Har yau waɗannan gwaje-gwaje ba su shiga jerin abin da ake yi wa mai suga duk shekara ba, ko a can ɗin.

Ki kuma lura da abin da suke hasashe: wa zai fara yoyo nan gaba. Malam kuwa takardarsa ta riga ta nuna. Kina tsakar gida yayyafi na sauka a kanki, me za ki yi da mai gaya miki yau za a yi ruwa? Kwashe shanya ya kamace ki. Idan wani ya tallata muku "sabon gwajin ƙoda na ƙasar waje" da kuɗi masu nauyi, ki riƙe jakarki. Da tsohuwar zuma ake magani. Wannan gwajin na albumin tun 1982 wani likita mai suna Viberti da abokan aikinsa a Landan suka nuna yana hango ciwon ƙoda ga masu suga, a 1984 kuma Mogensen na ƙasar Denmak ya nuna haka ga masu irin sugan manya. Shekara 40 da ɗoriya ana aiki da shi, an san ƙarfinsa, an san rauninsa, kuma an san abin yi idan ya nuna.

Mogensen ya ga wani abu kuma: masu wannan ɗan yoyon sun fi saurin rasuwa, kuma daga baya aka tabbatar zuciya ce kan gaba wajen ɗaukarsu. Jijiyoyin jini dangin juna ne. In na ƙoda sun fara saki, a leƙa na zuciya, a leƙa na ido. Nan ne nake ganin za ki fi samun kan Malam. Mutumin da ke zura zare a allura tun safe har magariba ya san darajar idonsa. Ki ce masa a je a duba bayan ido, ko a Asibitin Koyarwa na Shika ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda kalmar ƙoda ke firgitawa sau da yawa ba ya musu a kan ido, kuma in ya taka ƙofar asibiti don ɗaya, ɗayan ya zo da sauƙi.

Abin yi in an tabbatar ba boyayye ba ne. Na farko hawan jini, don shi ne ke ƙara yaga ragar. Ana so ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Akwai magunguna irin su lisinopril da losartan waɗanda bayan sauke jini suna rage matsin da ke kan rariyar kanta, tun 2001 manyan gwaje-gwaje suka nuna irin su losartan suna jinkirta lalacewar ƙodar masu suga. Ɗaya ake sha, ba a haɗa biyun. Lisinopril yakan sa wasu busasshen tari, in ya zo kada Malam ya watsar ya yi shiru, a koma a canja masa. Bayan sati 2 zuwa 4 da farawa ana sake ɗiban jini a ga yadda ƙoda ta karɓe shi. Akwai kuma sabon rukuni, su dapagliflozin da empagliflozin da canagliflozin. A 2019 wani babban gwaji ya nuna canagliflozin ya rage haɗarin gazawar ƙoda da makamantansa da kusan kashi 30 cikin 100. In akwai sabon abu daga Turai da ya cancanci kuɗinku, wannan ne, ba gwajin ba. Suna da tsada, ki tambayi likita ko sun dace da Malam da aljihunsa. In an ba shi, ki sani ta fitsari suke zubar da suga, saboda haka in kin ga kiyashi sun taru inda ya yi fitsari, ko tsinken kemis ya nuna suga, aikin maganin ne. Ya dai riƙa tsarki da ruwa sosai, don suna iya jawo ƙaiƙayin gaba. Duk wannan likita ne zai rubuta, ba ni ba, ba mai kemis ba.

Naki fagen kuwa yana madafa. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai gram 5 ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikinsa ake lissafa dunƙulen magi da kanwa da yajin tsire da na kilishi. Ƙirga dunƙule nawa kike murzawa a miyar kuka ɗaya, za ki sha mamaki. Kada ki ware masa tasa tukunyar ta lami, babu magidancin da zai jure a mai da shi majinyaci a gaban 'ya'yansa, sai ki ga ya koma cin abincin kasuwa. Ki rage wa gidan gaba ɗaya, sannu-sannu, ki cike gurbin da daddawa da tafarnuwa da citta da albasa. Bayan 'yan makonni harshe yakan saba.

Sannan ki laluba aljihun rigarsa da durowar kekensa. Tela ba ya rabuwa da ciwon baya, musamman gab da salla da ake kwana a shago, kuma na san abin da ake sha: diclofenac, ibuprofen, da haɗin nan na maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya. Waɗannan suna rage jinin da ke isa ƙoda, ga mai suga da ke yoyon albumin kuwa ƙarin gishiri ne a miki. Farasitamol ya fi sauƙi a kanta. Jiƙe-jiƙen kuma, ni ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu. Amma jarkar da ba a san me aka jiƙa a ciki ba, ba a san yawansa ba, duk abin da ke cikinta ƙodar nan da muke lallaɓawa ce za ta tace shi. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ga waɗanda suka zo da ƙoda a tsaye bayan sati biyu na irin wannan sha. Kafin azumi kuma a zauna da likita a tsara lokutan magani, a ji ko zai iya, musamman in ya faɗo cikin zafi.

Na bar maganar Malam kansa zuwa nan da gangan. Ba taurin kai ke damunsa ba, kuma ban yarda kuɗin gwaji ne ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutumin nan ya raka yayansa wanki sau 2 ko 3 a sati, awa 4 a kan inji kowane zuwa, ya ga gona ta tafi, ya ga yayan ya bi ta. A wurinsa kalmar ƙoda da likkafani ɗaya suke. Da mai kemis ya ce babu komai, abin da yake addu'ar ji ke nan, ya rungume. Ba zan ɓoye miki ba, samun mai ciwon ƙoda a cikin 'yan'uwa na jini yana ƙara haɗarin, kuma cikin masu suga 100, tsakanin 20 zuwa 40 kan gamu da matsalar ƙoda. Amma yawancin waɗanda na gani a ɗakin wanki, ranar da aka fara auna ƙodarsu ita ce ranar da aka ce sai inji. Sun zo ƙafa ta kumbura, fuska ta cika, suna amai. Ba wanda ya taɓa miƙa musu takarda mai 84 shekaru kafin nan. Abin da yayansa wataƙila bai samu ba, shi ya samu.

Kada ki tayar da maganar a gaban yara, ko yana cin abinci, ko ya dawo a gajiye. Kada kuma ki ce masa "so kake ka mutu kamar Yaya". Ki bari bayan isha, hankali kwance, ki ce, "Malam, ni ce na kasa barci. Likitan nan ma cewa ya yi bai tabbatar ba. Don Allah mu je a sake, ko na samu natsuwa." Namiji yakan yi don matarsa abin da ba zai yarda ya yi don tsoronsa ba. In ya ƙi, kada ki yi ta nanatawa har ta zama rigima. Nemi wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin masallacinsu ko wani kawu, ki ba shi labarin a asirce, ya zo masa da ita kamar tasa.

Akwai inda ba a jiran lallashi. In kin ga fuskarsa ta kumbura da safe, ko ƙafa ta cika har takalmi ya matse, ko fitsari ya ragu sosai ko ya zo da jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko numfashi na yi masa wuya in ya kwanta, ranar nan za ku nufi Shika, ko da dare ne.

Kowane tela yana da littafin awo. Ki karɓi nasa ki buɗe shafin ƙarshe, ki ja layi huɗu: kwanan wata, ACR, eGFR, awon jini. A ƙarƙashin ACR ki rubuta 84, a ƙarƙashin kwanan wata kuma ranar da aka yi. Ki bar masa sauran ya riƙa cikawa da hannunsa, a riƙa tafiya da littafin duk ganin likita, domin inda lambar ta dosa ya fi ita kanta lambar magana. Ke ma ranar da kuka je, ki miƙa hannu a auna miki jini da suga. In lamba ta biyu ta fito, ki rubuto mini ita.